Allon Baba Yana Rawa

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Anti da yara, da fatan aiki da sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai abin da zan faɗa maka.

Ranar Talata da safe na ga allon kwamfutar Baba yana rawa. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Na je shagonsa ɗaukar zartona da na manta, na shiga ta ƙofar baya, na zauna a benci a bayansa ina jira ya gama layin da yake bugawa kafin in gaishe shi. Sai rubutun ya fara karkarwa kamar an jefa tsakuwa a kwanon ruwa, gefen da ke kusa da bango ya fi yi. Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Bai san ina nan ba. Na ji yana cewa a hankali, "Tsaya mana. Don Allah tsaya." Na buɗe baki in ce masa ni ma na gani, ka san yadda maganata take, kafin in fita daga kalmar farko allon ya tsaya cak.

Wata biyu ke nan yana kukan wannan rawa. Duk wanda ya kira ya zo ya duba sai ya tarar da allon lafiya lau. Mai ɗinkin da ke kallon shagon ta zo sau uku, yanzu in ya kira ta sai ta ce tana kan wuyan riga. Ƙanin Anti kuwa, Mai Caji, da yake bangon katako ne kawai tsakaninsu, leƙowa yake yi yana dariya ya ce, "Baba, allon ne ke rawa ko mai allon?" 'Yan layi sun fara kiransa Baba Girgiza. Mutumin da ya shekara hamsin yana buga musu takardu tun zamanin tafireta, wanda ko waƙafi ba a taɓa kama shi da shi ba.

Na kira wayarka sau huɗu. Da ka ɗauka ka ce in yi sauri, ni kuwa in aka ce in yi sauri harshena ɗaurewa yake yi. Hannuna ba ya in'ina, shi ya sa na rubuto na ba direban motar safe. Kai ka yi karatun waɗannan na'urori, ni a aji huɗu na tsaya na kama zarto. Ka rubuto min abin da zan duba ɗaya bayan ɗaya, zan bi, ba na gaggawa. Allon dai shi ne wanda ka sani, tsohon nan mai ƙatuwar ƙeya.

Ka gaida mutan gida. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Takardarka ta iso, na kuma karanta ta, ko da yake sai da na yi ta juya ta kafin in gano inda magana ta fara da inda ta ƙare.

Tun kana yaro in Baba ya ce ga zomo a cikin wata sai ka ce har kunnuwansa ka gani. Amma tunda ka nema, ga shi, don kada gobe a ce na ƙi. Ka duba bayan allon, akwai waya mai shuɗin kai da ƙusoshi biyu na murɗawa, ka ɗaure su tamau. In bai daina ba ka zare ta ka leƙa cikin kan, za ka ga 'yan allurai a jere, in wata ta lanƙwashe ka miƙar da ita a hankali, ba da guduma ba, wannan ba ƙofa ba ce. Ka ari wata wayar ka gwada. Ka sauya soket. Akwai kuma wata lamba a cikin saitin, tana kan sittin, a mayar da ita saba'in da biyar. Wannan ka nemi mai karatu ya yi maka.

Za ka yi duk wannan ka tarar babu abin da ya samu allon. Baba shekararsa saba'in da ɗaya. Ido ba ƙarfe ba ne, kai ma haka. Ni nake nesa amma ni ake kawo wa labari, har abokan aikina sun ji cewa mahaifina yana zaune yana rarrashin kwamfuta kamar jaririya.

Ka tuna da bakinsa ya ce ba zai bar kujerar nan ba sai ranar da ya kasa karanta abin da ya buga, ranar kuwa zai miƙa makulli ba gardama. To ranar ta zo. Na gyara masa ɗakin baya, kusa da sito, akwai taga. Shagon kuma ƙanin matata zai cire bangon ya haɗe da nasa, ya fi a bar shi ɓeraye su gada. Kai ba ka da abin yi da shago, katako ba ya buƙatar inuwa.

Ka gaida Baba, ka ce masa ya rage gardama.

Yayanka

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na gode da amsa. Duk abin da ka lissafa na yi.

Na ɗaure ƙusoshin wayar. Na zare ta na leƙa da tocila, allura ɗaya ta ɗan kwanta, na miƙar da ita da bakin allurar mai ɗinki, har na yi murna. Washegari allon ya yi rawarsa. Na aro wata wayar wurin malamin makarantar da nake yi wa benci, shi ne kuma ya zo ya sauya lambar da ka ce. Rawar ba ta tafi ba, sauri kawai ta ƙara, da kamar ruwa take yi, yanzu kamar fiffiken ƙuda. Na ja waya daga soket ɗin ƙofar baya. Duk ɗaya.

Ranar Laraba wata mata ta kawo takardar neman aikin ɗanta. Allon ya kama rawa, Baba ya ƙi tsayawa don kunya, ya buga da ka. Sunan yaron ya fita ba daidai ba, shekarar haihuwa ta mayar da shi ɗan sittin. Ta dawo tana faɗa. Mai Caji ya karɓi takardar ya fito tsakiyar layi yana karantawa da ƙarfi, yana cewa a zo a ga tsohon da ke neman aikin masinja. Har mai gyaran takalmi ya riƙe ciki. Baba yana zaune hannunsa a kan gwiwa. Da suka watse ya sake buga mata, ya ba ta haƙuri sau uku, yarinyar da ya buga wa uwarta takardar haihuwarta.

Na kai shi asibitin ido. Likita ta sa shi ya karanta har layin ƙasa, ta ce da idonta zai kai haka a shekarunsa da ta gode Allah. Na ɗauka zai yi farin ciki. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, ya taɓa goshinsa da yatsa ya ce, "To in ba ido ba ne, nan ne ke nan." Tun ranar yake tambayata ko ya riga ya faɗa min magana kafin ya faɗe ta.

Ga abin da na lura. Kwana uku ina zuwa in cire takalmi in zauna a ƙasa bayan kabad, ba na ko tari. In Baba shi kaɗai ne, ko shi da baƙon da ba ya kallon allon, sai rawa. Da ya ja kujera zai tashi kiran wani, sai ta tsaya. Da sassafe kafin a buɗe sauran shaguna ba ta taɓa yi ba. Jiya na ɗora allon da injin a baro na kai wurin aikina, na kunna tun safe har yamma, ina fiƙe katako ina kallonsa. Ko ƙyaftawa bai yi ba.

Ruwa ba ya tsami banza, Yaya. Ashe ba a cikin allon abin yake ba, a ɗakin yake. Akwai wani abu da in yana kusa da irin wannan allo yake sa shi rawa, wanda ka manta ba ka rubuto ba? Ka tuna da kyau.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Babu. Abin da na rubuta maka shi ke nan, ban manta komai ba, ba ni ne na tsaya a aji huɗu ba.

Wato yanzu ka bar aikinka kana laɓewa bayan kabad ba takalmi. Ka yi hankali kada layin su sa maka naka sunan, a ce abin na gida ne. Likitar ido ido ta duba, kai da kanka ka rubuto abin da Baba ya ce game da kansa. Takardar nan taka kuwa na ajiye ta.

Ranar Asabar matata za ta zo da motar safe ta auna shagon ta karɓi makulli, Lahadi ta taho da Baba. Ka haɗa masa kayansa, ban da tarkacen takardu, ɗakin ba shi da girma. Kwamfutar ka riƙe tunda ka shaƙu da ita.

Ka koma kan katakonka.

Yayanka

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Wannan karon ka karanta a hankali, na yi ƙoƙari jimlolin su fita daidai.

Da na mayar da allon shago na ja tebur in share bayansa, sai hannun rigata ya maƙale a bango. Na duba. Tsinin ƙusa huɗu ne a jere, sababbi, ko tsatsa babu, daidai inda ƙeyar allon take jingina. Ni na kafa bangon nan shekara shida da suka wuce, na san kowace ƙusa da ke jikinsa. Nawa gajeru ne, don katakon siriri ne. Waɗannan 'yan inci huɗu ne, an buga su daga wancan gefen sun huda sun fito. Na kara kunnena a wurin. Wani abu yana gurnani a hankali kamar kyanwa.

Na zaga wurin Mai Caji na ba shi wayata ya sa min a caji, na tsaya kamar ina jiran ya rubuta lamba. A ƙasan teburinsa, bayan kwali, akwai kanta a jikin bangon. A kanta an ɗora tsohuwar sitabilaiza mai daidaita wutar lantarki, ƙatuwa, irin mai nauyin nan. Babu abin da aka jona mata, ko waya ɗaya. Makunninta yana daidai gwiwarsa. Duk motsin kujerar Baba yana ji ta katakon.

Falankin kantar nawa ne. Na san yankan zartona, na san kuma idon da ke gefensa. Zuwanka na ƙarshe, wata biyu da 'yan kwanaki, ka zo wurin aikina ka ce in yanko maka falanki taƙi biyu da ƙusa huɗu, za ka yi wa yara wurin littattafai. Ka ɗebi dogaye. Na ce sun yi tsawo, ka ce in ba ka kawai, ba lacca ka zo ji ba. Na ba ka, har na goge maka gefen don kada ya soki yara.

Daga nan na tuna wani abu. Kana aji shida ka ciro mayen ƙarfe daga sifikar mataccen rediyo ka kara a gilashin talabijin, fuskar mai labarai ta karkace ta koma shuɗiya. Baba ya zane ka a gaban abokanka. Da daddare ka ce min wata rana sai ka gane dalilin da ya sa hoton ya karkace. Ka je ka yi karatun, ka gane. Malamin makaranta ya ce min wannan shi ne abu na farko da ake tambaya, ko akwai fanka ko sifika ko wani mai gurnani kusa da allon. Kai ka faɗa min na biyu da na uku har na shida. Na tambaye ka kuma, ka ce babu.

A kan allon nan Baba ya buga maka takardar neman aiki sau goma sha ɗaya, yana gyara maka Turanci.

Ban faɗa masa ba. Saura kwana biyu Asabar. Ka rubuto masa da hannunka, ko layi biyu ne, ka ce kansa lafiya lau. Shagon ku san yadda za ku yi da shi, ni ba shi ne a gabana ba. Mutumin nan jiya ya tambaye ni sunan marigayiya Inna, ba don ya manta ba, don ya gwada ko abin da yake tunawa daidai ne.

Ina jiran motar gobe. Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Na ga tatsuniyarka. Ƙusa huɗu da guntun falanki. Falanki nawa ka yanka a shekarar nan, duk ka san inda suka kwana?

Shekara biyar ina roƙon tsohon nan ya huta, yana ce min yaro. Ina da 'ya'ya uku yana ce min yaro a gaban matata. In ya zauna a ɗakin baya ya ci ya sha, wa aka cuta?

Wa ya gani? Kai kaɗai, a bayan kabad, ba takalmi. Je ka tsaya a layin ka faɗa musu. Kafin ka fita daga "si-si-si" an rufe shaguna an tafi gida. In kuwa ka kai wa Baba wannan magana wani abu ya same shi, kai ka sani.

Asabar tana nan yadda take.

Yayanka

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa irin wadda aka saba. Gaskiyarka, da baki ba zan iya ba, don haka ban yi magana ba.

Anti ta iso da hantsi da tef ɗin awo a jakarta. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta kawo masa sabon bargo. Tunda an ce bangon zai fita, na zo da guduma da ƙarfen zare ƙusa. Na roƙi mai ɗinki da hannu ta zo ta riƙe min gefe. Na kunna kwamfutar, na buɗe takardar da Baba ya buga jiya. Sannan na zare falle ɗaya, na kusa da teburin, na bar wanda kantar take jiki. Mai Caji yana zaune a wancan gefen da kofin shayi, ya ce, "Kafinta, ba a sallama?"

Na miƙa hannu ta gefen gwiwarsa na danna makunnin. Allon ya kama rawa. Na kashe, ya tsaya. Na kunna, na kashe. Sau uku. Mai ɗinki ta saki katakon ta rufe baki da hannu.

Anti ta sunkuya ta ture kwalin. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan ai tamu ce. Ta bayan firij. Maigidana ya ce min ta ƙone ya zubar." Ta juya wurin ƙaninta, shi kuwa ya sa ido a cikin kofinsa.

Baba ya tashi ya zo ya shafa tsinin ƙusoshin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Wanda ya buga waɗannan bai taɓa riƙe guduma ba." Anti ta fara cewa, "Baba, wallahi ni ban," sai ya ɗaga mata hannu. Ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, da ƙarfi yadda na waje za su ji, "Ni ban ga komai ba. Idona ya tafi, kowa a layin nan ya sani." Ya ciro makulli daga igiyar wuyansa ya sa a tafin hannunta, ya rufe mata yatsu a kai.

A hanya na yi ta ƙoƙarin magana, ya jira ni har na gaji. Ya ce, "Bar su su ce ido ne, Auta. Idon kowa mutuwa yake yi, in ido ne kuwa ba mai tambayar wa ya haifi mai buga ƙusar."

Ba zai zo ɗakin baya ba. Yana wurina, na shimfiɗa masa a inda nake ajiye busasshen katako. Na jona masa kwamfutar a kan bencin aiki, allon tsaye cak kamar hoto. Bai kalle shi ba. Ya ce in rufe shi da zane. Bargon ma ya ce a mayar, yana cikin jakar Anti.

Ka huta lafiya. Allah ya raya yara, ya sa su yi maka biyayya.

Ƙaninka,
Auta

Ka tambaya wa ya gani. Ni na gani. Mai ɗinki ta gani, da mai gyaran takalmi da ya leƙo ta taga. Baba ya gani, ko da ya ce bai gani ba. Sai kuma wadda za ta miƙa maka takardar nan tare da makullin, wadda ta tsaya a kaina har na gama rubutawa ba ta ce in cire ko kalma ɗaya ba, matarka.